Haƙorin Makkan Inna Yana Cikin Jakata

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya gyara zama ya fara wanke ni tas a wurin sharhi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san na yi laifi, ba sai an tuna min ba, duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina ninkinsa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don lokaci ya ƙure min.

Ni mace ce, ina aure a Tarauni, kuma malamar Turanci ce a wata sakandare. Ku riƙe maganar Turancin nan, don da shi na cuci mahaifiyata. Ni ce ƙarama a ɗakinmu, Inna ba ta kirana da komai sai Auta. Tana zaune a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi tare da yayana da matarsa. Tana da ciwon suga, sannan yanar ido ta rufe mata idanu biyun, ba ta ganin komai sai haske da inuwar mutum. Duk wata zirga-zirgar asibiti ni ce, lambar wayata ce a katinta, ni nake riƙe mata hannu mu hau adaidaita, ni nake ce mata ga kwata nan ki ɗaga ƙafa.

Inna tana da haƙorin Makka, na zinare, a sama ta gefen hagu, da ta yi murmushi shi za ka fara gani. Kada ku ɗauka ado ne kawai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direba ne a wata ma'aikata, da ya yi ritaya ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya biya musu kujera biyu suka sauke farali tare. Babu wanda ya taɓa zama da Inna bai ji labarin haƙorin nan ba. Yadda Malam, wato mahaifin namu, ya ja ta har shagon masu sa haƙori a can Makka, yadda ta ce ita tsoro take ji, yadda ya ce wa mai shagon ba na azurfa ba, na zinare za a sa mata, shi kuma ya haƙura da nasa wai gemunsa ya ishe shi shaida. Yadda ya tsaya a kanta yana tsokanarta, wai ta wage baki kamar za ta haɗiye Balaraben da kayan aikinsa. Mun haddace labarin har in ta ɗauko mu muke ƙarasa mata, ta yi ta kai mana duka tana dariya. Da ya rasu aka raba abin da ya bari, aka yi sadaka da rigunansa, sai ta ce ita nata gadon yana bakinta, ba mai raba ta da shi sai ranar da aka kai ta.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na lura Inna ta daina shan ruwan sanyi, ita da ko da asuba ruwan randa take nema. Ta koma tauna ta gefe ɗaya, kullum da kanumfari a kumatunta, in ka tambaye ta ta ce ƙamshinsa take so. Matar yayana ce ta ja ni gefe ta ce, "Anti, ki duba bakin Inna, akwai abin da take ɓoyewa, har wari-wari ake ji." Na lallaɓa ta na ɗaga leɓenta, na ga dasashin da ke jikin zinaren ya kumbura ya yi jawur. Na ce asibiti za mu. Ta ce Allah ya kiyaye. "Na san halinsu, Auta. Ba abin da suka iya sai cirewa. Ciwo ne dai, zai wuce." Na yi magiya, na yi fushi, na sa Yaya ya yi mata magana, a ƙarshe na rantse mata cewa dubawa kawai za a yi.

Muka je wani asibitin haƙori a nan Tarauni. Likitar matashiya ce 'yar kudu, mai kirki, amma Hausarta ba ta wuce "sannu Mama" da "buɗe baki" ba, ma'aikaciyar da take yi mata tafinta kuma ranar ba ta zo ba. Aka ɗauki hoton haƙorin, ta kira ni ta nuna min, ta yi min bayani dalla-dalla da Turanci. Ta ce wannan zinaren hula ce aka kifa wa haƙori, shekaru sun ja bakin hular ya saki, abinci yana shigewa ciki inda asuwaki ko buroshi ba za su taɓa kaiwa ba, haƙorin ya ruɓe daga ƙarƙashi ya yi kogo, saura ƙiris ya taɓa jijiya. Ta ce sai an cire hular, kuma ba ta fita lafiya, sai an tsaga ta. Daga nan a kankare ruɓar, a cike kogon da farin ciko mai kalar haƙori. In aka bar shi zai tara mugunya, ga Mama da suga, abin zai iya yin muni, kuma ƙarshenta haƙorin gaba ɗaya za a rasa. Sai ta dube ni ta ce, "Ki yi mata bayani sosai. Zinaren ba zai koma ba. Sai ta yarda zan taɓa."

Inna tana kwance a kujerar nan mai kwantawa, ta ƙanƙame bakin mayafinta, ta juyo da fuska inda take jin muryata ta ce, "Me take cewa, Auta?"

Wallahi ban shirya ƙarya daga gida ba. Amma na san in na faɗi gaskiya za ta sauko daga kujerar nan ta ce a kai ta gida, kuma ba za ta sake yarda ta dawo ba. Na ji bakina yana cewa, "Ta ce datti ne ya shige ƙarƙashinsa, za su ɗaga shi su wanke su mayar miki."

"Za su mayar?"

"Za su mayar, Inna."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, bismillah." Likita ta ga ta gyaɗa kai, ta dube ni, na ce mata ta yarda. Me likita ta sani? Ta ga tsohuwa ta amince, ta ga 'yarta ta tabbatar. Aka yi allurar kashe zafi, na riƙe hannun Inna ina jin ƙarar injin yana yanka abin da Malam ya saya mata, ita kuma tana matse min yatsu. Da aka gama kankara aka shafa farin abin nan kaɗan-kaɗan, ana haska masa wata shuɗiyar fitila yana ƙanƙarewa, aka goge, aka daidaita, sai ga haƙori fari tas kamar ba a taɓa sa masa komai ba. Aiki ya yi kyau, wannan ba na musu. Likitar ta naɗe ɓallin zinaren biyu a auduga ta sa min a tafin hannu ta ce na Mama ne. Na tura shi can cikin ƙaramin zif ɗin jakata. A adaidaita muna komawa, leɓenta duk ya yi nauyi da allura, ta ce, "Ya koma?" Na ce ya koma.

Da farko har yaba wa kaina nake yi. Ciwo ya tafi, kumburi ya saɓe, Inna ta koma ruwan randarta, ta ci gurasa da tsire tana sa min albarka. Na ce to ina laifin? Ba cetonta na yi ba? Wace 'ya ce za ta zuba ido mahaifiyarta ta ruɓe saboda ɗan ƙarfe? Sau ɗaya ta ce min, "Auta, harshena yana ce min ba ya santsi kamar da." Na ce ai goge shi suka yi, zai dawo daidai. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata shi yake kashe ni, don ba ta taɓa sa shakka a maganata ba.

Yaya kuwa ranar da ya dawo daga kasuwa ya gan ta, sai da ya ja da baya. Ya kira ni zaure ya ce, "Ke, ina haƙorin?" Na faɗa masa komai. Ya yi faɗa kamar zai dake ni, da aurena da 'ya'yana, ya ce na mai da Inna yarinya, ya ce wa ya ba ni iznin yanke mata hukunci. Da ya huce sai ya ce shi dai ba zai iya faɗa mata ba, ni na ɗauko abina ni zan sauke. Haka gida ya ɗauki shiru. Matarsa ta sani, yara an ja musu kunne, maƙwabta suna shigowa su gani su haɗiye. Kowa a layinmu ya san Inna ba ta da haƙorin Makka, ban da Inna.

Ranar da na gane girman abin da na yi, ranar wani suna ce a Unguwa Uku. Na kai ta, aka shimfiɗa mata darduma cikin manyan mata, hira ta yi daɗi, sai wata yarinya ta ce mijinta ya yi mata alkawarin Umara. Inna ta gyara zama, na san abin da ke tafe. Ta ɗauko labarin tun daga shagon, da Balaraben, da gemun Malam, sannan ta ɗaga leɓe da yatsa ta nuna farin haƙori ta ce, "Kun gan shi nan, har yau bai dushe ba. Zinaren da ba irin na yanzu ba ne." Mata suka kalli juna, wata ta sunkuyar da kai tana danne dariya, wata ta ce ma sha Allahu da muryar da ba ta kai ciki ba. Mahaifiyata, mace mai kamun kai da ba ta taɓa yarda a yi mata kallon tausayi ba, ni na zaunar da ita a tsakiyar mutane tana nuna abin da babu.

A wurin akwai Hajiya Gambo, aminiyar Inna, jirgi ɗaya suka hau shekarar da suka je Hajji, ita ma da nata na azurfa. Ta kama hannuna ta ja ni har bayan ɗakin girki. "Ke Auta, me kika yi wa ƙawata?" Na fashe da kuka na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Cire shi ba laifi ba ne, 'yar nan, lafiya gaba take da komai. Ni ma nawa yana min tsami, na san ranarsa na zuwa. Amma da kin bar ta ta yi kukanta, ta yi ban kwana da abinta. Ba zan faɗa mata ba, amma ki faɗa mata da bakinki kafin madubi ya riga ki."

Kuma abin da yake ƙara cina, ni kaina ina da ciko. Tun ina makaranta aka yi min baƙin nan mai kama da dalma a haƙorin tauna, ya yi shekaru yana aiki, bara ya tsage ta gefe iska ta fara shiga, na je aka canza min. Kafin a taɓa ni sai da aka ba ni madubi, aka nuna min tsagar, aka tambaye ni baƙin nake so ko farin, aka ce wannan ya fi juriya wancan ya fi kyan gani, na yi ta ja-in-ja kamar mai sayen atamfa. Haƙorin da ba wanda yake gani ke nan, wanda ba shi da labarin komai. Ni aka tambaye ni. Inna fa? Don ba ta jin Turanci kuma ba ta gani, shi ke nan bakinta ya zama nawa?

Na koma wurin likitar ni kaɗai da ɓallin a jaka, na ce ko za a iya haɗa shi a mayar. Ta ce wanda aka tsaga ba ya komawa. Za a iya ƙera sabuwar hula ta zinare, amma sai an kawo Mama an auna bakinta, an sake rage haƙorin da aka sha wahalar cetowa, an yi zuwa fiye da ɗaya. Sai ta tsaya ta ƙura min ido ta ce, "Mama ba ta ji daɗin farin ba ne? Ai kin ce ta yarda." Ta ce in za a sake wani aiki, wannan karon da ma'aikaciyarta mai jin Hausa za ta yi magana da Mama. Na ɗauki jakata na fito kunya kamar ƙasa ta tsage. Matar yayana ta ce akwai wani mai sa haƙorin Makka da yake bi gida-gida, a kira shi ya kifa mata wani a ce dubawa ya zo yi. To ba irin wannan kifawar ce ta ruɓar da haƙorin tun farko ba? In sake jefa ta a ciwo don in rufe bakina? Kuma ko ya yi ƙyalli ya fi na da, na Malam ne?

Yanzu ga inda na fi jin kunyar faɗa, wanda ko Yaya bai sani ba, ko mijina bai sani ba. Mun daɗe muna bin layin aikin idon Inna. Likitan ido ya ce yanar ta nuna, in aka cire za ta gani da iznin Allah. Ba ta da buri irin wannan, kullum maganarta ita ce ta buɗe Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe ta karanta da idonta a azumin bana, ta gaji da sauraro a rediyo. Watan jiya aka kira wayata aka ce layi ya zo kanta, a kawo ta. Ina tsaye a bakin aji da alli a hannu, maimakon in yi hamdala, abin da ya faɗo min shi ne madubin da ke jikin sif ɗin ɗakinta. Na ce musu suganta ya hau, a ɗaga mana. Suganta lafiya lau yake. Na je gida na ce mata likita ya yi tafiya. Ta ce, "Allah ya dawo da shi lafiya, komai da lokacinsa."

Kun ji? Na bar mahaifiyata a cikin duhu don kada ta ga abin da na yi. Ƙaryar farko ina iya cewa don ita na yi. Wannan fa, don wa na yi?

Ba a yi sati biyu ba ta miƙa hannu tana laluben kofi, ta ture fulas, ruwan zafi ya kwarare mata a bayan hannu. Fatar ta saɓule. Ni na kai ta aka wanke, ni nake zuwa kullum daga makaranta in shafa mata magani, tana cije leɓe tana ce min sannu, wai ta hana ni hutawa. Da an yi aikin nan lokacin da aka kira, da ta ga fulas ɗin. Wannan tabon da ke hannunta ni na yi mata shi, ko da ba ni na zuba ruwan ba. Tun ranar ba ni da sukuni. A aji ina koyarwa sai in tsaya tsakiyar jimla in manta inda nake. Abinci ba ya shiga. In na buɗe jaka zan ɗauko kuɗin mota, yatsana ya taɓa zif ɗin nan, sai in janye hannuna da sauri. Na yi niyyar faɗa mata ya fi a ƙirga, in tafi da maganar a bakina tun daga Tarauni, in shiga in gaishe ta, ta ce "Auta ce? Zo nan kusa da ni," shi ke nan sai in tambaye ta me ta ci.

Asibitin ido sun sake kira. An ba mu ranar Alhamis mai zuwa, kuma sun ce in muka sake ɗagawa sai dai mu koma ƙarshen layi, watau azumi zai zo ya wuce tana lalube. Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya sake raɗa min, har na duba lambarsu don in sake ɗagawa. Ban kira ba. Amma tsoro nake ji. In na faɗa mata kafin aikin, hankalinta ya tashi, jininta ko suganta ya hau da gaske aka fasa, na sake cutar ta. In na bari sai bayan aikin, to ta buɗe ido ke nan abin da za ta fara gani shi ne 'yar da ta fi yarda da ita ta yi wata da watanni tana yi mata ƙarya, gida guda ana tayawa. Za ta tuna ranar sunan nan. Za ta tuna "likita ya yi tafiya". Ba rashin zinaren nake tsoro ba kamar ranar da zan ce mata ga kwata nan ki ɗaga ƙafa, ta tsaya tana tunanin ko gaskiya nake faɗa.

Jiya da yamma ina yanke mata farce a tsakar gida na faɗa mata an sa rana. Ta ɗaga hannu ta yi ta godiya ga Allah, har da hawaye. Ta ce ranar da za a buɗe mata ido ni take so in tsaya a gabanta, kada Yaya ya riga ni, don ni ce idonta duk shekarun nan, abin da na ce mata na gani shi ta gani. Sannan ta ce, "Ki taho min da ɗan madubi a jakarki. Na yi kewar kyautar Malam, ina so in gan ta." Ta juyo da fuskarta wajena, ta yi murmushin nan nata har kunne, ta ce, "Duba min, Auta, yana nan yana ƙyalli?"

Jakar tana kan cinyata. Na ce, "Yana nan, Inna."

Don girman Allah, iyayena da yayyena da ke wannan shafi, musamman waɗanda suka yi jinyar tsoho suka san nauyinta, ku faɗa min. In zaunar da ita kafin Alhamis in zuba mata ɓallin nan biyu a tafin hannu? In nemi Hajiya Gambo ta zauna a tsakaninmu? In faɗi maganar haƙorin kaɗai in binne ta ɗaga aikin, ko duka zan amayar? Da wane baki zan fara?

Me zan yi?